Ka samu laftof? Ga manhajojin da za ka sa da waɗanda za ka cire

Da fatan karatu yana shiga, kuma 'yan aji shida masu shirin WAEC da NECO da JAMB ba su bar littattafai sun yi ƙura ba.

Yau maganar laftof za mu yi, wato kwamfutar tafi-da-gidanka. Wasunku sabuwa aka saya musu a kwali, da yawa kuma ta hannu ce, irin wadda ake cewa tokumbo. Akwai wanda yayansa ya bar masa tasa bayan ya canja wata, akwai kuma gidan da guda ɗaya ce tal, kowa yana taɓawa. Ko ma ta wace hanya ta zo, kuɗi ne masu nauyi suka fita daga aljihun wani, kuma wanda ya fitar da su yana sa ran za ta taimaki karatunka. Ko ta cika wannan buri ko ta koma akwatin kallon fim mai tafiyar hawainiya, yawanci ya danganta ne da abin da aka zuba mata a makon farko.

Kun san yadda aka saba. Da an biya kuɗi sai a ce wa mai shago, "A loda mata komai da komai." Shi kuma don ya faranta wa mai saye rai, sai ya jona filashinsa ya juye abin da ke ciki: manhajar zanen gini, manhajar gyaran hoto ta ƙwararru, manhajojin kallon bidiyo har uku, riga-kafin bairos iri biyu, da wasannin ƙwallo da na tseren mota. Allo ya cika da tambura, mai laftof ya tafi gida yana murna an yi masa gyara. Bayan wata guda, kunna ta kawai sai ya ci minti biyar, fankarta na ƙugi, caji ba ya jimawa, data kuma tana zurarewa ba a san inda take zuwa ba. A ɗakunan kwanan ɗalibai na jami'a muna ganin irin wannan kullum, kuma sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, kaya ne aka jibga masa fiye da kima.

Shawarata ita ce kada manhaja ta shiga laftof ɗinka sai ta amsa tambayoyi uku. Na ɗaya, wane aiki zan yi da ita a wannan zangon karatu? Na biyu, daga ina ta fito, daga hannun masu ita ko daga filashin wani? Na uku, injina zai iya ɗaukarta, kuma za ta yi aiki idan data ta ƙare? Duk wadda ta kasa amsawa, ta tsaya a waje. Da wannan ma'auni za ka ga abin da ɗan sakandare yake buƙata bai wuce manhajoji kamar goma ba, kuma dukkansu masu su ne suka bayar kyauta. Zan yi bayani ne a kan laftof mai Windows, tunda ita ce ta fi yawa a hannunmu.

Fara sanin ƙarfin injinka

Kafin ka sa komai, buɗe Settings, ka shiga System, ka gangara zuwa About. A nan za ka ga RAM ɗin laftof ɗinka. RAM kamar teburin karatu ne: idan ƙarami ne, littafi biyu kawai zai ɗauka a buɗe. Mai gigabait 4 ya riƙa buɗe abu ɗaya ko biyu a lokaci guda, mai gigabait 8 kuwa yana da ɗan sarari. Ma'ajiya kuma ita ce akwatin da ake zuba kaya, yawanci gigabait 128 ko 256 ko 500. Kada ka cika ta maƙil, domin Windows na buƙatar fili don sabunta kanta.

A wannan shafin dai za ka ga ko Windows 10 ce ko 11. Wannan yana da muhimmanci, domin tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba ba Windows 10, wato gyare-gyaren tsaron da yake aikowa kowane wata. Laftof mai Windows 10 ba za ta daina aiki ba, amma mai ita sai ya ninka taka-tsantsan.

Ga wanda ba a saya masa ba tukuna, ga abin da zai faɗa wa mai saya. Windows 11 tana neman RAM aƙalla gigabait 4 da ma'ajiya gigabait 64, kuma a injinan Intel yawanci daga zubi na takwas take farawa. Gane zubin ba wuya: idan an rubuta i5-8250U, lambar farko bayan ɗan layin nan 8 ce, wato zubi na takwas. Idan i5-6200U ce, na shida ne, ya tsufa. Wanda injinsa ya riga ya tsufa zai iya tuntuɓar malamin kwamfuta na makarantarsu game da Linux Mint, wadda kyauta ce kuma tana tafiya da tsofaffin injina.

Shara kafin shimfiɗa

Idan laftof ɗin ta hannu ce, ba ka san abin da mai ita na farko ya bari a ciki ba. Mafi kyau a wanke ta tas. A cikin Settings akwai Recovery, a ƙarƙashinsa akwai Reset this PC, wanda zai mayar da Windows kamar sabuwa. Wannan aiki yana iya goge komai, don haka a kwashe abin da ake so tukuna. Yana kuma ɗaukar lokaci, saboda haka a yi shi da cikakken caji, a gefen soket, kuma da wani babba da ya saba a kusa.

Idan ba za a wanke ta ba, shiga Apps a cikin Settings ka karanta jerin abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Wasannin da ba ka nema ba, riga-kafin gwaji da wa'adinsa ya ƙare, manhajoji biyu masu aiki iri ɗaya, duk ka cire. Amma ka ƙyale duk abin da ke ɗauke da sunan Intel ko AMD ko NVIDIA ko Realtek, da waɗanda suka fara da Microsoft Visual C++. Su ne ke sa sauti da hoto da sauran manhajoji su yi aiki.

Daga nan danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe. Nemi sashen Startup. Duk abin da ke wannan jeri yana tashi ne da zarar ka kunna laftof, ko ka kira shi ko ba ka kira ba, kuma kowanne yana cin RAM da batir. Kashe waɗanda ba ka buƙata da sassafe, ka bar na tsaro. Wannan kaɗai yakan rage jiran da ake yi wajen kunnawa.

Idan laftof ɗin ta gida ce, kowa ya buɗe nasa asusun da tasa kalmar sirrin. Hakan zai hana ƙaninka goge maka aikin gida bisa kuskure.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Manhajoji irin su Photoshop da CorelDRAW da Microsoft Office na kan kwamfuta duk na kuɗi ne. Idan ka same su kyauta a filashi ko a wani shafin intanet, to fasassu ne, wani ne ya ɓalle makullinsu. Ka tambayi kanka, mutumin da ya ɓata dare da rana yana wannan aiki, ina ribarsa? Sau da yawa a jikinka yake fanshewa. A cikin fasassun manhajoji ake cusa ɓarayin bayanai, waɗanda ke kwashe kalmomin sirrin da aka adana a birauza su aika wa iyayen gidansu. Da haka ake ƙwace Facebook da Gmail na mutane a riƙa roƙon kuɗi da sunansu. Akwai kuma nau'in da ke kulle dukkan fayilolinka ya nemi kuɗin fansa. Wanda ake kira STOP ko Djvu ya yi suna wajen yaɗuwa ta fasassun manhajoji da wasanni. Idan kuma a wannan laftof ɗin Baba yake duba imel ɗin ofis ko asusun banki, to ba kai kaɗai abin zai shafa ba.

Alamar da ba ta ɓuya ita ce a ce maka sai ka kashe riga-kafi kafin manhajar ta shiga. Duk baƙon da ya ce sai an sallami maigadi zai shigo gida, ai an san abin da ya kawo shi.

Maigadin kuwa yana nan tare da Windows, sunansa Microsoft Defender, kuma ba a biyan ko sisi. Buɗe Windows Security ka tabbata alamomin da ke ciki kore ne. Ga ɗalibin da ke kula da inda yake ɗauko kaya, wannan ya isa. Riga-kafi biyu a inji ɗaya nauyi kawai suke ƙarawa. Haka ma manhajojin da ke alkawarin ƙara gudu ko share datti, ba ka buƙatarsu, domin Windows tana da nata mai shara da ake kira Storage Sense.

To a ina za a ɗauko na gaskiya? Wuri biyu ne: Microsoft Store da ke cikin laftof ɗin, ko shafin masu manhajar, kamar libreoffice.org da videolan.org da geogebra.org. Idan ka bincika a Google, ka tsallake na saman nan da aka rubuta talla ne, domin 'yan damfara kan sayi wannan gurbi su sa shafi mai kama da na gaske. Sannan ka riƙa duba ƙarshen sunan fayil. Littafi yakan ƙare da .pdf, bidiyo da .mp4 ko .mkv. Idan aka turo maka "tambayoyin baya na WAEC" amma sunan ya ƙare da .exe, manhaja ce ta yi shigar burtu, kada ka buɗe. Idan ba ka ganin ƙarshen sunayen, shiga View a File Explorer ka kunna File name extensions.

Kayan aikin yau da kullum

Na farko birauza, wato manhajar shiga intanet. Windows tana zuwa da Edge, kuma ta wadatar. Mai son Chrome ko Firefox ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai, ya kuma tuna kowane shafin da ya bari a buɗe yana cin RAM. Firefox tana karɓar wani ƙaramin ƙari mai suna uBlock Origin da ke toshe tallace-tallace, abin da ke rage cin data da yawan maɓallan ƙarya. Edge kuma tana buɗe PDF, tana bari ka ja layi a ƙarƙashin abin da ka karanta, har tana iya karanta maka rubutun Turanci a bayyane. Wanda injinsa ke da rauni ya sa SumatraPDF, 'yar ƙarama ce kuma tana buɗe babban littafi nan take.

Na biyu manhajar rubutu. LibreOffice kyauta ce, wata gidauniya mai mazauni a Jamus ce ke kula da ita, kuma tun 2010 take. A cikinta Writer na yin aikin Word, Calc na yin aikin Excel, Impress na yin aikin PowerPoint. Saukar da ita ba ya kai megabait 400, bayan haka ba ta neman intanet. Tana buɗe fayilolin Word, tana kuma adana aiki a tsarin .docx idan malami ya ce haka yake so. Wanda ake koya wa Word da Excel a aji kuma yake son ganin su ainihi, zai iya amfani da su kyauta a birauza da asusun Microsoft, sai dai wannan yana buƙatar data.

Na uku VLC, mai tambarin mazubin nan mai ruwan lemo da ake jerawa a titi. Ɗaliban wata makarantar injiniyanci a Faransa ne suka faro ta a 1996 a matsayin aikin makaranta, yau ga ta a duk duniya. Kusan babu bidiyo ko sautin da ba ta buɗewa, don haka ita kaɗai ta isa. Amfaninta ga ɗalibi shi ne za ka iya rage gudun bidiyon darasi idan malamin yana sauri, ko ka ƙara idan bita kake yi.

Na huɗu 7-Zip, mai kwance fayilolin da aka ƙunshe wuri guda. Ba ta kai megabait 2 ba. Mai Windows 10 ne ya fi buƙatarta, domin Windows 11 ta yanzu tana kwance yawancinsu da kanta.

Na biyar hanyar tura kaya tsakanin waya da laftof. Igiyar caji ta USB tana yin wannan aiki. Mai son ba igiya ya sa LocalSend a duka biyun, ya jona laftof da hotsifot ɗin wayar. Fayil zai wuce kai tsaye ba tare da ya bi ta intanet ba.

Manhajojin da ke koyarwa

Nan ne laftof ke biyan kuɗinta. Kiwix manhaja ce da ke ba ka damar sauke Wikipedia ka karanta ba tare da intanet ba. Ta Turanci gaba ɗaya da hotunanta ta haura gigabait 100, don haka kada ka doshe ta. Akwai ƙananan kundaye da aka ware na lissafi da fiziks da kemistiri da likitanci, akwai kuma Wikipedia ta Hausa. Mutum ɗaya ya sauke, sauran 'yan aji su kwafa. Ka dai tuna Wikipedia wurin fara fahimta ce, a jarrabawa littafin da ke cikin manhajar karatunku ne alƙali.

GeoGebra ta lissafi ce, wani ɗalibi a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya, Markus Hohenwarter, ya fara ta a 2001. Rubuta y = x² − 5x + 6, nan take za ta zana maka lanƙwasar, ka ga ta ratsa layin x a kan 2 da 3. Canja 6 ɗin zuwa 7, ka ga lanƙwasar ta ɗaga sama ba ta taɓa layin ba. Abin da malami yake nufi da cewa wani lissafin ba shi da amsa ta zahiri, ga shi ido ya gani. Yadda ya kamata ka yi shi ne ka fara zanawa da fensir a takardar giraf, sannan ka duba da GeoGebra, domin ranar jarrabawa fensir za a ba ka.

PhET kuma ɗakin gwaje-gwaje ne a cikin kwamfuta. Jami'ar Kolorado da ke Amurka ce ke yin sa, kuma Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a fiziks a 2001, shi ya kafa shi a 2002. Za ka haɗa batir da waya da ƙwan fitila ka ga yadda wuta ke gudana, ka ƙara turjiya ka ga haske ya ragu, ko ka yi atisayen daidaita lissafin sinadarai. Ana iya sauke gwaje-gwajen a yi su ba intanet. Ga wanda ɗakin gwajin makarantarsu ba shi da isassun kaya, wannan babban taimako ne.

Anki ta hadda ce. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mutum yakan manta yawancin sabon abu cikin ɗan lokaci idan bai maimaita ba. Anki tana aiki da kati: tambaya a gaba, amsa a baya. Wanda ka amsa da sauƙi sai ta jinkirta dawo da shi, wanda ya ba ka wuya sai ta dawo da shi da wuri. Alamomin sinadarai, ma'anonin bayoloji, shekarun tarihi, kalmomin Turanci da na Larabci, duk suna shiga. Ka rubuta katunanka da kanka daga littafinka, domin rubutawar ma karatu ce, sannan ka ba ta minti goma sha biyar kullum.

Mai sha'awar koyon rubuta manhaja ya fara da Scratch, wadda cibiyar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, inda ake jera umarni kamar bulo. Idan hannu ya faɗa sai ya koma Thonny, wadda ke zuwa da harshen Python a cikinta kuma ba ta da nauyi. Su kuwa ChatGPT da Gemini, a birauza ma suna aiki, don haka kada wani ya tura maka fayil ya ce su ne. Ka sa su yi maka bayanin abin da ya shige maka duhu, ka kuma gwada amsarsu da littafi, domin suna kuskure.

Yatsu da kibod

Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Wanda ranar ce farkon zamansa gaban allo, wani ɓangare na lokacinsa a neman maɓalli zai tafi. A ɗakin jarrabawar ana zaɓen amsa da A, B, C, D, a ci gaba da N, a koma baya da P. Saboda haka ka saba da karanta tambaya a allo kana lissafi a takarda, agogo yana tafiya. Manhajojin atisayen JAMB suna da amfani ta wannan fuska, amma ka riƙa gwada amsoshinsu da littafi. Duk kuma wanda ya ce manhajarsa na ɗauke da tambayoyin da za su fito bana, kuɗinka yake so.

Iya buga rubutu da yatsu goma kuwa, a jami'a za ka ga ranarsa, inda ake ba da aiki mai shafi goma a ce a kawo shi a buge. Shafa maɓallin F da na J, za ka ji ɗan tudu a kan kowanne. Nan ne mazaunin manuniyar hagu da ta dama, sauran yatsu su jeru a gefensu. Klavaro da TIPP10 duk kyauta ne, suna koyar da wannan daki-daki ba intanet. Minti goma sha biyar kullum, ba kallon kibod. Makon farko za ka ji kamar ka koma baya, ka daure.

Kada a manta da Hausa. Baki daban, baƙi daban, haka kafa da ƙafa. A cikin Settings shiga Time & language ka ƙara harshen Hausa. Daga nan maɓallin Windows da na tazara a tare za su riƙa sauya maka kibod. Idan kana kan na Hausa, riƙe Alt na hannun dama ka danna k ko d ko b, za ka samu ƙ da ɗ da ɓ.

Data da wuta

Windows tana ɗaukar duk Wi-Fi da ta samu kamar rijiya ce, ba ta san hotsifot ɗin wayar Umma ba ne. Shiga bayanan wannan Wi-Fi ɗin a Settings ka kunna Metered connection. Hakan zai sa ta dakatar da yawancin manyan saukarwa. Amma kada ka hana ta sabuntawa har abada, domin ta nan ake toshe ƙofofin da ɓarayi suka gano. Ka ware rana, ko sau ɗaya a wata, inda ka samu Wi-Fi mai yalwa ko datar dare mai araha, ka bar ta ta gama.

Ta ɓangaren wuta, hasken allo yana cikin abubuwan da suka fi shan batir, don haka rage shi, ka kunna tsarin tattalin batir. Kada ka ɗora laftof a kan katifa ko filo, domin ƙofofin iskarta na toshewa ta yi zafi. Sannan ka saba wa yatsunka da Ctrl da S bayan kowane sakin layi. Batirin tokumbo ba ya sallama kafin ya tafi.

Ajiya biyu

Laftof tana faɗuwa, ana sace ta, ma'ajiyarta tana mutuwa ba gargaɗi. Duk aikin da kwafinsa ɗaya ne, a bakin rijiya yake. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da hotuna ke rabawa, OneDrive na Microsoft kuma gigabait 5. Rubutu ba shi da nauyi, aikin zango guda ba zai ci komai a ciki ba. Ka buɗe folda ɗaya ta makaranta, kowane darasi da tasa a ciki, duk ƙarshen mako ka tura kwafi can. Ka kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusun, yadda ko an saci kalmar sirrinka ba za a shiga ba sai da wayarka.

Filashi kuma a yi hattara da shi. Wanda ya zaga kwamfutoci da yawa yakan dawo da bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli ya bar gunkinsu mai 'yar kibiya a gindi. Idan ka ga haka kada ka danna ko ɗaya, domin dannawar ce ke tayar da shi. Sa Defender ya bincika filashin tukuna. Idan za ka buga aiki a shago, mayar da shi PDF ka tura ta WhatsApp ko imel. Filashinka ya tsira, kuma tsarin rubutunka ba zai wargaje a kwamfutarsu ba.

Aikin wannan mako

Ban sa wasanni da manhajojin sada zumunta a jerin ba, kuma da gangan ne. Suna cikin waya, sun isa a can. Idan laftof ta zama wurin da in ka buɗe karatu kawai kake tararwa, zama a gabanta zai riƙa ja maka hankali zuwa littafi.

Ga aikin gida. Ɗauki takarda ka rubuta darussan da suka fi ba ka wuya a wannan zango, a gaban kowanne ka sa manhaja ɗaya daga cikin waɗanda muka ambata. Sannan ka buɗe jerin abin da ke cikin laftof ɗinka, ka yi wa kowace manhaja tambayoyin nan uku. Wanda ba shi da laftof ya kai wannan shafi wa malamin kwamfuta, domin Kiwix da GeoGebra da PhET za su zauna daram a kwamfutocin makaranta, kowa ya amfana.

Mai tambaya ya aiko ta hannun editan wannan fili, tare da sunan makarantarsa da ajinsa. A mako mai zuwa za mu duba yadda ake ƙirƙirar kalmar sirri mai ƙarfi wadda ba za a manta ba. Sai mun haɗu, a yi karatu lafiya.